Hancin Roka

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan la'asar

Damina uku ke nan rabona da Toranke, ga ta huɗu ta sauka. Tun da na hau mota a tashar Gaya ban sake ganin gero a tsaye ba. Ina nan Fatakwal ina fesa wa motocin mutane fenti. Ruwan garin nan kullum zuba yake, amma ba abin da yake fitarwa sai tsatsa.

Yau ba aiki, na shiga layin 'yan gwanjo neman takalmi. A ƙarƙashin tarin kayan wasan yara na hango wani dogon kwali, gefensa ya sha ruwa ya bushe, an zana roka a jiki tana ratsa gajimare. Mai kayan ya ce daga kwantena ya fito, shi ma bai san kansa ba. Na buɗe. Ba a taɓa haɗa ta ba. Bututun kwali mai tsawon kamu ɗaya da rabi, hanci na roba, fallen wani katako mara nauyi da aka zana fukafukai a kai, 'yar lema ta leda a naɗe, sai takardar bayani da ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Shekarar da ke jikin kwalin ta girme ni. Wani Bature ne ya saya wa ɗansa, ko ɗan ya girma ko uban ya manta.

Ban sayi takalmin ba.

Litinin, 23 ga Yuni, da hantsi

Hanne ce ta ja min, matar Yaya Abdulmuttalib. Ranar Sallah da na kira gida ta karɓe wayar ta ce, "Salahu, 'yar nan taka ta ishe mu da roka. Duk gorar lemon da ta shigo gidan nan sai ta tashi sama. Wai gasar makarantu za su je Gaya ƙarshen watan bakwai."

Na ce, "Ai ta Yaya ce."

Ta ce, "Fulani da ƙarfin hali. To ta Yaya ce, an ji."

Yarinyar ita ce ta fari a wurina. A gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kalli wani wuri har wani ya zo ya tashe shi. Haka aka yi wa Yaya, haka na tarar. Da aka yaye ta, bayan tafiyar uwarta, Inna ta saɓe ta ta dire a ɗakin Hanne, magana ta ƙare. Shekara goma sha shida ke nan. Yaya take ce wa Baba, ni Baffa. Ta san yadda abin yake, kowa ma ya sani. Sani dai bai taɓa sa an canza kira ba.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan azahar

Ma'aikatan gwamnati sun zo da safe sun shafa jan fenti, alamar rusau, a jikin rumfunan garejinmu, tun daga bakin titi har bayan masallaci. Ba su yi wa kowa magana ba. Fentin ma mai arha ne, yana dalala.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Na yanke fukafukan da sabuwar reza, guda uku. Katakon laushi ne da shi kamar ɓargon kara, in ka matsa da farce sai ya lotsa. Turancin takardar ya fi ƙarfina, amma akwai zane, kuma wanda ya shekara ashirin yana daidaita ƙofar mota ba ya buƙatar a karanta masa. Na haɗa su uku na goge bakinsu tare da samfefa don kada wani ya fi wani. Na ja layi a jikin bututun, na ɗiga gam, na riƙe na farko da yatsa har hannuna ya sage.

Wani abu ya ɗan dame ni. A gindin akwai gurbin inji, amma ba injin a kwalin. Daga zanen na gane daban ake sayensa, wani abu mai kamar harsashi. Ko ana sayarwa a ƙasar nan ba ni zan je tambaya ba. Ba komai. A ɗora ta a tebur a kalla ma ya isa. Zan yi mata fentin da duk Gaya ba a taɓa gani ba.

Asabar, 28 ga Yuni, da safe

An yi taron masu gareji a kan maganar rusau. Kowa ya yi magana, ba wanda ya faɗi komai.

Talata, 1 ga Yuli, bayan azahar

Mutum biyu sun zo sun janye motocinsu ba a gama ba. Ban riƙe su ba, ni ma da ni ne haka zan yi.

Sai na samu lokaci. Na cike layin da ya nannaɗe bututun da fila, ƙullin da muke cike lotsawar mota da shi, na goge, na sake cikewa. Na fesa shimfiɗa mai ruwan toka. Jiki fari zan yi, fukafukai baƙi, hanci ja. Jan kuwa ragowar na wata motar amarya ce da na fesa bara, na ɓoye shi ban san don me ba.

Hanne ta sa hoto a waya. Yaya ya ɗauko yarinyar a babur daga makaranta a Ajingi, ta riƙe masa hula don iska. Ta yi tsawo. Dariya take da wani abu da ya faɗa. Ni ban san me ke ba ta dariya ba. A ce min yanzu, faɗi abu ɗaya da zai sa ta dariya ko a yanka ka, sai dai a yanka.

Ba komai. Shi ya yi jinyar ƙyandarta.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan magariba

Abin da ya faru bayan masallaci yau ba zan rubuta ba. Kowa dai ya koma ɗakinsa da ƙafarsa.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi

Jan ya yi hazo. Laimar garin nan ce, fenti ba ya son ta. Na goge duka na koma farko. Na kunna gawayi a kasko na ɗumama ɗakin, na fesa siriri, na jira, na goge da samfefa mai laushi da ruwa, na sake fesawa. Maƙwabcina ya leƙo ya ce ko mai jego na samu.

Akwai wani fili a jikin rokar da aka bari don suna. Na rubuta sunaye a jikin tanka da tirela sun fi a ƙirga, na matan mutane, na 'ya'yan mutane, har na wata budurwa da direban ya dawo bayan wata biyu ya ce in shafe. Na ɗauki siririn burushi na tsaya a kan filin nan har fentin ya bushe a bakinsa.

Na bar shi fari.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Rokar ta kammala. Na ɗaga hancin na ga fuskata a ciki, har furfurar gemu.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Bunu ya iso da shanu daga Wudil, gobe zai juya da manja. Babarbaren Gaya ne, tun kakansa suke can, shi ke kai min saƙo gida. Na kai shi ɗaki na yaye zanen da na rufe ta da shi.

Ya ja da baya har ya taka min buta. "Kai bawana! Me nake gani haka?"

Na ce, "Kwali ce, ɗaga ka ji. Kuma ka iya bakinka, yaushe Babarbare ya yi bawa?"

"Kwali a wurinka. Ka san shinge nawa ne daga nan zuwa Kano? Soja ya ɗaga tamfol ya ga wannan tana ƙyalli, kafin in ce kwali ce na sha kwalta. Dube ni fa da kyau. Ga tsagen Barebari a fuska, ga roka a mota. Wa zai tsaya jin bayanina?"

Na yi masa magiya. Ya ce ko uwarsa ce ta aiko shi ba ya ɗauka a haka. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo.

Da hannuna na sa reza na yanke fukafukan daga jiki. Fentin ya tsattsage a wurin, kamar yadda na san zai yi. Bututun muka naɗe a cikin tabarma, fukafukan a tsakanin kwalin sabulu, hancin na sa a safa na cusa a kofin shayinsa.

Ya ce, "In ce daga wa, zuwa ga wa?"

"Ka ba Yaya. Ka ce kayan yara ne."

"Yaran gidan bakwai ne. Wanne?"

"Ka dai ce na yara."

Ya kalle ni ya girgiza kai. "Allah ya shirye ku, Fulani. Saniya guda sai ku yi mata suna uku da kirari, 'yar cikinku kuwa sai ka ce bashi."

Litinin, 14 ga Yuli, da azahar

Shiru. Wayar Bunu ba ta shiga.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Sun isa. Ba wanda ya kira ni, a hoton Hanne na gani.

Kore. Sun shafa mata kore. Da burushi. Daga nan Fatakwal ina ganin sawun gashin burushin a jikinta kamar an yi shara a tsakar gida. Fukafukan an manna su, ɗaya ya ɗan karkace, gam ya taru a gindinsa kamar majina. Suna zaune a tabarmar da na aika, shi yana riƙe da bututun, ita tana shafawa, hannunta duk kore. Hancin ba ya cikin hoton, wataƙila yana can an jiƙa shi a gwangwani. A ƙasa Hanne ta rubuta: Baba da 'yarsa injiniyoyi.

Shimfiɗa uku, fari huɗu. Gawayin da na ƙona.

Na san tabarma ta goge farin, na san inda reza ta bi dole a rufe. Ni ma da na karɓe ta a haka sai na sake mata fenti. Amma ba kore ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Yaya ya kira. Muka gaisa, ya ba ni labarin gyaɗa, ya ce ruwa ya yi gyara a gonar Gafasa, Inna ƙafa ta yi sauƙi.

Can ya ce, "Kaya sun iso. Allah ya yi albarka."

Na ce, "Amin. An dai ji daɗi?"

"An ji."

"Fentin nan, na ƙofa ne?"

"Ragowar na ƙofar zaure. Ya kama kuwa sosai."

Na ce, "Ya kama."

Tambaya ɗaya ce a bakina, an gaya mata ko daga ina? Ba ta fito ba. Shi ma bai ce ba. Muka yi ta jin numfashin juna har katinsa ya ƙare.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan azahar

Rabin layinmu ya kwashe. Mai walda na kusa da ni ya tafi bai yi sallama ba. Ni ina zan kai kwamfuresa, injin iskar da nake fesa fenti da shi? A kai zan ɗauka?

Wai Yaya na ƙera mata abin harbawa. Shi da gyaran injin ban-ruwa ne aikinsa in rani ya yi, ya samo fayif na roba da famfon keke da wani makunnin ruwa. A bidiyon yana durƙushe yana ɗaure fayif da roba, ita tana miƙa masa filaya tun kafin ya tambaya. Tun kafin ya tambaya. Na maimaita wurin nan har caji ya mutu.

Ni ban taɓa kawowa a raina za ta tashi ba. Kyau kawai na sa a gaba.

Lahadi, 20 ga Yuli, da la'asar

Da ban aika ba ma.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Abin da na rubuta jiya ba daidai ba ne. A bar shi dai a wurin.

Mutumin nan bai taɓa ce min kawo kuɗin makaranta ba, sai in na aika. Shekarar da Hanne ta haifi 'yan biyu, da yarinyar a kafaɗa yake zuwa gona. Bai ƙwace min komai ba, ba shi ita aka yi, ina tsaye ina kallon ƙasa. Duk na san wannan. Na sani, kuma in na tuna koren nan sai in ji abinci ya fita raina.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan magariba

Katafila ta zo da sassafe. Kafin azahar an gama, har da ɗakina.

Ina barandar wani shago, mai shi ya ce in zauna zuwa Laraba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Yau aka yi gasar a Gaya. Hanne ta turo bidiyo, bakinta bai yi shiru ba.

Fili ne, 'yan mata sun yi da'ira da fararen hijabai, malamai a kan benci. Yaya ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya tattare hannu yana buga famfon keke, zufa na zuba. Ita ta durƙusa ta zura rokar a bakin fayif. Ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ta murɗa.

Ta tashi. Wallahi ta tashi. Ta wuce kan darbejiya, ta ƙanƙance, Hanne ta ɓatar da ita tana ta salati, sai gajimare nake gani. Lemar ba ta buɗe ba. Ta dawo ta faɗa cikin wani kududdufi a gefen fili. Yara suka ɗauki ihu, wani malami ya rungume Yaya, hularsa ta faɗi.

Na ji daɗi. Na kuma ji kamar in jefa wayar a kwata. Duka biyun gaskiya ne.

Sai a kallo na uku na lura. Yarinyar ba wurin Yaya ta ruga ba, kududdufin ta nufa, ta shiga da takalminta. Ta ciro rokar, jikin ya jiƙe ya lanƙwashe, ko kallonsa ba ta yi ba. Hancin ta zare tana gogewa da gefen hijabinta.

Ja ne. Ba a taɓa shi ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Na kira Hanne wai in yi barka. Na uku suka zo, an ba su littattafai.

Na ce, "Fentin ne bai isa hancin ba?"

Ta ce, "Daɗina da kai kewaye-kewaye. Yayanka ya tsoma burushi zai shafa, ta fizge. Ta ce wanda ya yi wannan bai yi don a shafe ba. A akwatinta yake kwana, cikin safar taka mai wari."

Na ce, "Wa ya ce mata wani ne ya yi?"

"Wa ke fenti duk zuriyarku? Kuma tun ranar da Bunu ya sauke kaya Yayanka ya kira ta zaure ya ce, ungo, ubanki ne ya aiko miki. Haka ya faɗa, ubanki, ina tsaye. Shi bai gaya maka ba?"

"Bai faɗa ba."

"Kai kuma ba ka tambaya ba. Ni dai Allah ya haɗa ni da dangin kurame."

Na ajiye wayar. Kwana goma ina zagin mutum a zuci saboda kore.

Lahadi, bayan la'asar

Saƙon murya ya shigo ta wayar Hanne. Ba muryar Hanne ba ce.

Ta yi sallama. Ba ta ce Baffa ba, ba ta ce komai a madadinsa ba. Ta ce, "An ce in tambaya. Jikin ya lalace, Baba ya ce za mu yi sabo da fayif. To yaya ake yi fenti ya yi sheƙi har mutum ya ga fuskarsa? Mun gwada a murfin bokiti, mun shafa sau uku bai yi ba. Baba ya ce shi bai iya ba. Baba ya ce a tambayi mai abin."

Baba sau uku. Na ƙirga, ba zan ɓoye ba.

Muryarta irin ta Inna ce, tana jan ƙarshen magana. Ban sani ba sai yau.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Na ɗauki amsa na goge, na ɗauka na goge. Na fara da "ke", na ji kamar ina kiran mai talla. Na fara da "a gaya mata", na tuna ita za ta saurara. Mai shago yana ta kallona ina magana da waya ina fasawa.

Daga ƙarshe na juya wa titi baya na ce, "Rumaisa." Ya fita kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi, da ɗan zafi, sai kuma iska a wurin. Na ce, "Ba yawan shafawa ba ne. Siriri ake sawa, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi da ruwa, a sake. Gugar ita ce aikin. Kuma ki ce wa Babanki ya raba ki da fentin ƙofa."

Na tura kafin in sake tunani. Aka nuna an saurara. Can sai ga wani saƙo, gajere, ba magana a ciki. Dariya ce, tata da ta Yaya a bayanta.

Bunu ya shigo gari, Laraba zai juya. Ya zo ya ga inda garejin yake da, ya daɗe bai yi tsiya ba. Sannan ya ce, "Akwai wuri a gaba, bawana, in ba ka fi son zama da jarkokin manja ba." Na ce zan duba kayana.

Na duba. Abin da na tsira da shi: bindigar fenti ɗaya, ba kwamfuresa. Rabin gwangwanin ja. Samfefa mai laushi falle huɗu. Siririn burushi ɗaya. Kaya kala biyu da buta. Kwalin roka, ba komai a ciki. Jaka ɗaya ta cinye su.